Rakiya Har Bakin Bahar Maliya

Bahaushe ba ya barin baƙonsa ya fita shi kaɗai. In ka ziyarce shi, ka tashi tafiya, sai ya zura takalmi ya taka maka, ko zuwa ƙofar gida, ko bakin hanya, ko kuwa har tasha in kana da girma a idonsa. Amma kowace rakiya tana da iyaka. Akwai wurin da mai gida zai tsaya, ya ba ka hannu, ya ce, “To, ka gai da gida,” sa'an nan ya juya. Wanda ya juya tun da wuri ya yi rowa. Wanda ya ƙi juyawa kuwa ya zama kaya a kan matafiyi. A kan wannan wurin juyawa nake so in yi magana da kai, ya ɗan'uwa mai karatu, gama a watan Oktoba na 2023 an danƙa mini yara tara, maza shida da mata uku, masu shekara 15 zuwa 17, in kai su bakin teku domin su haye zuwa ƙasar Masar neman ilimi.

Sai na fara gaya maka inda muke, domin na san yawancin masu karanta wannan a Nijeriya da Nijar suke. Kogin Nilu biyu ne kafin su haɗu a Hartum: Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Ƙasar da take tsakaninsu ita ake kira Jazira. A cikinta, da kuma gefen Shuɗin Nilu daga Sinnar har zuwa Damazin da Rusairis, akwai ƙauyukan da in ka shiga kasuwarsu sai ka rantse kana bayan Kano. Za ka ji ana ciniki da Hausa, ana suyar ƙosai, ana gasa naman da Larabawan Sudan ma suke kira agashe, ba su kuwa san sunan daga bakin Hausawa suka karɓe shi ba.

Yadda aka yi suka zo, labari ne mai tsawo. A watan Yuli na 1903 sojojin Turawan Ingila suka ci garin Burmi, a ƙasar Gombe ta yanzu, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja sauran jama'a suka nufi gabas. Bayan 'yan shekaru suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan, garin kuwa ya ɗauki sunansa, Mai Wurno. Ba su ne na farko ba, ba su ne na ƙarshe ba. Tun kafin su, da kuma bayansu, maniyyata aikin hajji suna tasowa daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram a ƙasa, su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tafe suna yada zango, in guzuri ya ƙare su yi ƙodago su tara wani. Tafiyar takan ci shekaru. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu. Mutum ya ce bari ya yi kaka ɗaya ya tara kuɗin jirgin ruwa. Kaka ɗaya ta zama biyu, ya yi aure, aka haifi ɗa, ɗan ya haifi nasa. Har wani mai bincike, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a 1995 a kan mutanen nan, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunne suke ce wa kansu matafiya, suna kan hanyar Makka, alhali kakan da ya ɗaura niyyar ya daɗe a kabari a gefen gonar auduga.

Na kawo wannan ne domin ka gane irin tsoron da yake zuciyar iyayen yaran nan. A wani gari, in an ce yaro zai tafi karatu shekara biyu ya dawo, uwa takan gaskata. A wurinmu babu gidan da bai san yadda zango yake zama gida ba. Garin kansa shaida ne.

Ni ba Bahaushe ba ne. Iyayena daga Duwatsun Nuba suka zo tsinkar auduga, suka zauna a sansanin leburori da muke kira kambo, bango ɗaya da Hausawa. A wurin wasa na tsinci Hausa tun kafin in iya Larabci sosai. Na yi firamare a makarantar mishan a Wad Madani, karatuna na aji kuma bai wuce nan da nisa ba. Rubutun Hausa kuwa daga baya na koya, a hannun wani ɗalibi ɗan Nijeriya. Yau shekaru masu yawa ina aikin katikis a wata ƙaramar ikkilisiya, ina kuma zaune a gefen wani ƙauyen Hausawa a kudancin Sinnar. Kowa ya san addinina, ni ma na san nasu. Ni nake cika musu takardun gwamnati, in karanta musu takardar asibiti in da Turanci aka rubuta ta. Shi ya sa yara suke ce mini Ustaz, manya kuwa Malam. Da maganar rakiya ta taso, aka duba aka ga waɗanda suka san hanya duk suna da gonar riɗi da za su yanka, waɗanda ba su da aiki kuwa ba su san takarda ba. Sai aka aiko mini.

Dalilin tafiyar ba yawon buɗe ido ba ne. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF. Aka rufe makarantu ko'ina, har a wuraren da ba a ji ƙarar bindiga ba, gama 'yan gudun hijira sun cika azuzuwa. Jarrabawar shahada, wato ta gama sakandare, wadda da za a yi a tsakiyar shekarar, aka ɗage ta ba rana. A watan Oktoba ɗin nan hukumar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne a Sudan ba sa zuwa makaranta. Uku daga cikin yarana kuwa wannan ne karo na biyu da karatunsu ya yanke. Daga wajen Rusairis iyayensu suka gudo a watan Yuli na 2022, sa'ad da rikici ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe mutane fiye da ɗari, aka ƙone gidaje. Ga kuma wani abu da iyaye maza ba sa faɗa da ƙarfi: an buɗe sansanonin horar da samari, yaro ɗan shekara 17 da ba shi da abin yi daga safe har dare kuwa, kunnensa a buɗe yake.

A Alƙahira akwai makarantun 'yan Sudan masu koyar da manhajar Sudan. Wani ɗan ƙauyen da ya daɗe a can ya samo wa yaran gurbi da wurin kwana. Wata malama kuma, wadda mijinta yake can, tana jira a Bur Sudan (shi ne Turawa suke kira Port Sudan), ita za ta hau jirgin sama da su. Tun daga watan Yuni na wannan shekara Masar ta ce kowane ɗan Sudan sai da biza, har mata da yara waɗanda a dā ba a tambayarsu, saboda haka sai an je an zauna an bi layi. Kuɗin kuwa, kada ka tambaya. An sayar da riɗi tun yana gona, an sayar da shanun noma biyu, wata uwa ta cire 'yan kunnen zinariyar da aka kawo ta gidan miji da su.

Daren da za mu tashi aka tara ni da iyaye a zauren mai unguwa. Kowa da nasa gargaɗi. Wannan ya ce ɗansa ba ya jure yunwa, wancan ya ce nasa yana da bakin magana, a riƙa kwaɓarsa. Na yi ta cewa to. Can sai kakar ƙaramar cikin 'yan matan ta sa aka kira ni ƙofar zaure, gama ba za ta shiga cikin maza ba. Tsohuwa ce ƙwarai, ita ta reni yarinyar tun tana jinjira. Ta ce, “Malam, na ba ka ita a hannu. Ka dawo mini da ita a hannu.”

Na ce, “Iya, ni iyakata bakin teku. Zan kai ta lafiya in Allah ya yarda, in danƙa ta ga wadda za ta karɓe ta, in dawo in gaya miki abin da idona ya gani. Dawowarta kuwa ba a hannuna take ba.”

Ta yi shiru, ta dube ni. Na ga mutanen da suke kusa ba su ji daɗi ba. Ɗaya ma ya ce mini daga baya, da na ce mata to kawai, me zai ci ni? Amma ni a ganina ɗan rakiya ba shi da ikon yin alkawarin abin da yake bayan iyakarsa. Tsohuwar nan jikar matafiya ce, ta fi ni sanin yadda ake tafiya ba a dawo ba. Da na ce mata to, da ta san lallashi ne, da kuma ba ta gaskata sauran abin da zan faɗa mata ba. Abin da ta ce kawai shi ne, “Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.” Sa'an nan ta miƙo mini ƙullin dakakkiyar kuka da daddawa, ta ce in sa a jakar yarinyar, gama ta ji an ce Misirawa ba su san miya ba.

Da asuba muka hau mota zuwa Sinnar. Tare da mu akwai gwaggon ɗaya daga cikin yaran, wadda za ta je a duba mata ido a Bur Sudan. Ita aka ɗora wa kula da 'yan matan, don ba a ba namiji 'ya'ya mata shi kaɗai, ni ma da ban karɓa ba. Hanyar ta fi kilomita 1,000: daga Sinnar zuwa Wad Madani, a haye kogi ta gadar Hantub, a yi gabas zuwa Gadarif, a juya arewa zuwa Kasala, sa'an nan a ratsa ƙasar Beja har teku. A lokacin yaƙi bai iso ko ɗaya cikin garuruwan nan ba.

Sa'o'in farko sun fi kowane lokaci ban mamaki. Yaran da suka yi sati biyu suna fankama a ƙauye, wai su za su Masar, mota na tashi sai kowa ya yi tsit. Ba mai kuka, ba mai magana. Sai da muka wuce gonakin rake, ƙauyen ya ɓace sarai, sa'an nan surutu ya ɓarke kamar an buɗe rumbu, da dariyar da ba ta da dalili. Wanda bai saba da yara ba zai ce sun manta da gida ke nan. Ba haka ba ne. Tsoro ne yake neman ƙofa. Na ƙyale su.

Babban nauyin da yake jikina takardu ne. Na sa matata ta ɗinka mini jaka ta ciki, na ɗaura a ƙirji: takardar lambar ɗan ƙasa ta kowane yaro, da takardar haihuwa, da sakamakon makaranta, da takardar wakilci wadda kowane uba ya sa wa hannu a gaban lauya. Mai karatu a Zariya ko Maraɗi mai yiwuwa ya ce, mene ne abin damuwa a takarda? To, ga Bahaushen Sudan takarda tsohon miki ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, mutanen Burmi da dubban maniyyata kuwa bayan haka suka iso. An sassauta daga baya, har dokar 1994 ta mai da ma'aunin ranar 1 ga Janairu 1956, ranar samun mulkin kai. Amma doka takan canja a takarda, ta bar tsohuwar tambaya a bakin mutane. Har yaron da aka haifi kakan kakansa a Jazira yakan ji an ce masa Fallata ko Takaruri, da muryar da take nufin baƙo.

A wani shinge kafin Gadarif muka gamu da tambayar. Wani saurayi mai bindiga, wanda bai girmi babban yarona da shekara uku ba, ya hau mota, ya ji yara suna Hausa. A kwanakin nan ana ta raɗe-raɗin baƙi daga yamma a cikin masu yaƙi. Ya ce da Larabci, “Ku 'yan ina ne?” Na miƙe na ba shi takardu, na yi bayani, ya duba ya sauka. Abin bai ɗauki minti biyar ba. Amma da na waiwaya, na ga yara tara sun sunkuyar da kai kamar waɗanda aka kama da sata, ban da ɗan mai agashe, wanda jijiyar wuyansa ta tashi, yana cizon leɓe.

Daga nan har Gadarif ina tunani. In na ci gaba da riƙe takardun nan a ƙirjina, ina amsa kowace tambaya a madadinsu, zan kai su teku lafiya, ba shakka. Amma bayan teku fa? A filin jirgin Alƙahira ba ni, a ofishin izinin zama ba ni, ranar da wani zai tare yarinya a titi ya tambaye ta daga ina take, ba ni. Saboda haka da muka sauka cin abinci, na kwance jakar, na kira su ɗaya ɗaya, na ba kowa nasa. Na ce, “Daga yanzu kowa shi zai amsa da bakinsa. Ka faɗi sunanka, da na ubanka, da na kakanka, da sunan ƙauyenku, da makarantar da ka yi. Ka dubi mai tambaya a ido, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka sunkuya. Ina bayanka, amma ba zan yi magana ba sai ta ɓaci.”

Gwaggo ba ta yarda ba ko kaɗan. Ta ce, “Haba Malam! Iyayensu kai suka ba, ba su suka ba ba. In ɗaya ya yar fa?” Tana da gaskiyarta, gama takarda ɗaya in ta ɓace, kuɗin shanun nan sun tafi a banza. Muka daidaita a kan cewa kowane dare zan ƙirga takardun kafin a kwanta, 'yan matan kuma ita za ta ɗinke musu nasu a cikin zane. Duk da haka har muka rabu tana mita. A shingen da ya biyo, muryar na farko ta yi rawa, har ya manta sunan makarantarsa. A na uku kuwa ƙaramar nan, jikar tsohuwa, ta jero sunayen kakanninta har huɗu ba a tambaye ta ba, mai shingen ya yi dariya ya ce ta isa haka.

A Gadarif na zama mugu. A ƙarshen watan Satumba aka bayyana ɓarkewar kwalara a jihar, saboda haka na hana shan ruwan randa na bakin hanya, na hana salak da yankakken kankana, na ce sai shayi mai zafi, da ful mai tururi, da ruwan da muka dafa muka ɗauko. Yara suka yi ta gunaguni, ga ƙamshin kasuwa, ga 'yan kuɗi a aljihu karo na farko a rayuwarsu. A nan ban ba kowa zaɓi ba. Akwai abin da ake barin yaro ya koya da kansa, akwai wanda kafin ya koya an binne shi.

Maganar salla kuwa, tun a zaure na ce wa iyaye su kwantar da hankalinsu. Na san lokatai tun ina yaro a kambo. In azahar ta yi, ni nake taɓa kafaɗar direba, ni nake tsare jakunkuna har su idar. Yaro in ya bar gida, abin da ya saba yi kullum shi yake riƙe shi, ba kuwa aikina ba ne in kwance abin da iyayensa suka ɗaura. Su ma sun rama mini. Ran Lahadin farko a Bur Sudan ina zaune ina lissafin kuɗi, sai ɗaya ya ce, “Ustaz, yau Lahadi fa, ba za ka coci ba? Je ka, mu za mu tsare kayan.”

A Kasala muka kwana, a gidan wani Bahaushe mai sayar da hatsi, ɗan'uwan mai unguwarmu. Garin yana gindin duwatsun Taka, manyan duwatsu masu santsi kamar an kife tukwane, yaran da suka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Jazira kuwa suka tsaya suna kallo baki buɗe. Aka ba mu tuwo, aka kawo gahawa mai citta irin ta Beja. Can tsakar dare na farka, na ƙirga kawuna a tsakar gida kamar yadda na saba, na ga biyar maimakon shida. Na sami ɗan mai agashe a ƙofar gida, jakarsa a kafaɗa.

Ban yi masa tsawa ba. Na zauna a dakali na ce ya zauna. Ya daɗe kafin ya yi magana. Ya ce, “Ustaz, abokaina uku sun shiga sansani. Su za su tsare gari, ni kuwa an sa ni a mota tare da mata. In na dawo da takardar shahada, da wane ido zan dube su? Ka ga yadda yaron nan ya tambaye mu a shinge. Da ina da bindiga, wa zai tambaye ni ni ɗan ina ne?”

Yana cikin waɗanda suka gudo daga Rusairis, ya ga gidansu yana ci da wuta. Ba zan iya ce masa maganarsa wauta ce ba. Na ce, “Ɗana, ba zan ɗaure ka ba, ka fi ni ƙarfi ma. Amma ba kai ka ba ni kanka ba, ubanka ne ya ba ni kai. In za ka koma, sai da bakinsa. Ka ba ni zuwa safiya.” Muka zauna nan har aka kira assalatu, ba mu ƙara cewa komai ba sai jefi-jefi. Da gari ya waye na buga wa uban waya, na ba su wuri. Ban ji abin da yaron ya faɗa ba. Da ya miƙo mini wayar, uban ya ce, “Malam, na gaya masa bindiga ba za ta ƙare a ƙasar nan ba, ko yaushe ya dawo zai tarar da ita. Kuɗin riɗin nan kuwa ba za su sake taruwa ba.” Yaron ya hau mota. Bai yi mini magana ba har Haya, wajen kilomita 350. A nan ya sayo shayi kofi biyu, ya ajiye ɗaya a gabana, bai ce komai ba.

Bayan Sinkat hanya takan gangara ta cikin duwatsu, tana murɗawa, har kunne ya toshe. Sa'an nan ƙasa ta buɗe, ka hango wani abu shuɗi wanda ba shi da gaɓa ta biyu. Ba ko ɗaya cikin yaran da ya taɓa ganin teku. Motar ta tsaya a Sawakin, tsohuwar tashar da maniyyata suke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, inda gidajen da aka gina da dutsen murjani suka zube suka zama kufai. Yara suka ruga bakin ruwa, ɗaya ya ɗanɗana ya tofar. Gwaggo kuwa ta tsaya a gefen mota tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce kakanta daga Haɗeja ya taso da niyyar ya iso nan wurin, ya mutu a Jazira yana tara kuɗin jirgi. Ta ce, “Ga shi ni na iso, ba da niyyar hajji ba, da ciwon ido.” Na kira yaran na ce ta sake faɗa a gabansu. Sun san labarin irin wannan tun suna goye, amma ba su taɓa jinsa da ruwan a gabansu ba.

Kwana 16 muka yi a Bur Sudan. Garin ya cika maƙil, gama gwamnati da ofisoshi duk sun komo can, ɗakin haya kuwa ya yi tsadar da ba a faɗa. Muka raɓa a gidan wani mai ɗinki. Ba zan gajiyar da kai da labarin layi da zafi da ƙuda ba. Abin da na lura da shi shi ne, kullum aikina yana raguwa. Su suke tashi da asuba su kama layi. Su suka koyi karɓar kuɗi ta Bankak a waya in iyaye sun aiko. Babbar cikin 'yan matan ta karɓi littafin lissafi daga hannuna, ta kuwa fi ni tsanani, har ta hana ni shayi na uku. A kwanakin ƙarshe ina zaune ne kawai a inuwa, in wani abu ya gagara a zo a tambaye ni, sau da yawa ma ba a zuwa.

Filin jirgin yana kudu da gari. Akwai ƙofar da ba mai wucewa sai mai tikiti. Na ƙirga su a gaban malamar, tara, na sa ta ƙirga da bakinta, ta sa hannu a takardar da zan kai wa mai unguwa. Na ba kowa hannu. Na yi tsammani za a yi kuka, amma hankalinsu yana kan ma'aunin kaya, gama jakar ƙaramar ta yi nauyi, ana gardamar ko a fid da ƙullin kuka da daddawa. Ɗan mai agashe ya karɓa ya cusa a tasa jakar. Suka shiga, kowa da takardarsa a hannu. Biyu suka waiwayo. Na tsaya har na daina ganin mayafin ta ƙarshe, sa'an nan na nemi motar Kasala.

Na koma na gaya wa tsohuwa abin da idona ya gani, har da sunayen kakanni huɗu a shinge. Ta sa na maimaita mata wannan sau biyu.

Bayan wata biyu, a Disamba 2023, dakarun RSF suka shiga Wad Madani, hanyar da muka bi ta yanke. A ƙarshen Yuni 2024 suka kama Sinja, mutanen ƙauyukanmu da yawa suka watse, mu ma muka yi Gadarif da abin da muka iya ɗauka. A can tsohuwa ta rasu, da damina, a ajin wata makaranta da aka sauke mu. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani kuma a Janairu 2025, muka fara komawa kaɗan kaɗan, muka tarar da abin da muka tarar. Biyu cikin abokan nan uku da suka shiga sansani ba su dawo ba.

Jarrabawar shahadar da aka ɗage, sai a ƙarshen Disamba 2024 aka yi ta, aka kuwa buɗe cibiyoyi a Masar. Bakwai daga cikin yarana suka zauna, biyar suka ci. Ɗaya ya bar karatu tun kafin nan, ya kama aiki a gidan burodi, shi ya riƙa aiko wa iyayensa kuɗi sa'ad da suke gudun hijira. A 2025 uku suka dawo, ta jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Aswan, daga nan a mota. Ƙaramar ba ta cikinsu. Ta sami gurbin koyon aikin jinya, ta ce in ta gama za ta zo. In ta bugo mini waya yanzu, Larabcinta ya koma na Misirawa, sai in ta zo tambayar mutanen gida ɗaya ɗaya take juyawa zuwa Hausa.

Ɗan mai agashe yana cikin ukun da suka dawo. Ya tayar da rumfar ubansa a bakin tasha, da yamma kuma yana koya wa yaran unguwa lissafi a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Kwanan baya uban ya zo ya same ni bayan sallar isha'i, muka gaisa, ya daɗe yana zagaye-zagaye a kan farashin riɗi. Da zai tashi ya ce, “Malam, ƙanensa ya kai shekara 16. In an sake haɗa tafiya, kana nan?” Na ce ya bari in yi shawara da matata.